Malamina ya soke shafi uku na farkon kundina: ta ina ake fara Babi na Ɗaya?

'Yar Kakuri:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah shawarar manya nake nema. Ina rubuta kundin digiri na biyu ne a kan halin da matan unguwannin Kakuri da Makera na Kaduna suka shiga bayan rufe masaƙu, musamman masu sayar da abinci a bakin ƙofa da matan ma'aikata. Jiya na karɓo Babi na Ɗaya daga hannun malamin da ke duba aikina. Shafi uku na farko ya ja musu jan biro daga sama har ƙasa, ya rubuta a gefe cewa har yanzu bai san abin da nake nema ba. Wallahi mako uku na yi ina haɗa shafukan nan. Na fara da ma'anar masana'anta a bakin masana huɗu, na gangaro kan yadda masaƙu suka bunƙasa a Ingila, na shigo Afirka, na shigo Najeriya, sai a shafi na huɗu na ambaci Kaduna. Kundi biyar na duba a laburare kafin in fara, duk haka suka yi. To in ba haka ba, ta ina ake farawa?

Baban Amira:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, in maƙwabciyarki ta tare ki a ƙofar gida ta ce "wai me kike bincike a kai ne?", me za ki ce mata? Rubuto mana shi nan da Hausa, kamar yadda za ki faɗa mata.

'Yar Kakuri:
Zan ce mata: duk wanda ya tashi maganar mutuwar masaƙun Kaduna, ma'aikata maza yake lissafawa, da kuɗin sallama, da auduga. Amma akwai matan da ba su taɓa shiga cikin masaƙa ba, kuma da ita suke ci. Mai tuwo, mai ƙosai, mai bayar da kaya bashi sai ƙarshen wata. Babu wanda ya bi sawunsu ya ga inda suka koma da kuma abin da suka ciyar da 'ya'yansu da shi. Shi nake son sani.

Baban Amira:
To wannan da kika rubuta yanzu, ina yake a cikin babin?

'Yar Kakuri:
Yana shafi na shida, Yaya. Ƙarƙashin dalilin bincike.

Baban Amira:
Shi malaminki yake nema tun layin farko. Ni da na karanta shi sai da na gyara zama, domin mahaifiyata ta sayar da kunu a bakin wata ma'aikata. Ma'anar masana'anta kuwa ko da ta masana goma ce ba za ta sa in gyara zama ba.

Malamin Nazarin Hausa:
A yi a hankali dai. Ina ganin ana son a mayar da kawo ma'ana laifi, alhali ba laifi ba ne. Shekaruna da yawa ina duba kundaye, kuma na ga ɗalibin da ya rubuta shafi ɗari a kan karin magana yana cakuɗa ta da habaici da zambo, don kawai bai tsaya ya tantance abin da yake nufi ba tun farko. Ranar kare kundi tambaya ɗaya aka yi masa ya rasa bakin magana. Ba a ɗora jinka a kan iska. Aikin ilimi ba labarin jarida ba ne da za a ce sai an ja hankali. Mai jarrabawa dole ne ya karanta, ko ya ji daɗi ko bai ji ba.

Mai Shagon Buga Takardu:
Allah ya gafarta Malam, a ba ni dama in sa baki ko da yake ni ba malami ba ne. Ina da shago a Tudun Wada, aikina buga furojet da ɗaure shi. A lokacin da ɗalibai ke gamawa nakan buga Babi na Ɗaya fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Wallahi kafin in buɗe fayil na san layin farko. In na ilimi ne: ilimi shi ne ƙashin bayan ci gaban kowace al'umma. In na noma ne: noma tushen arziki, tun fil azal ɗan Adam yake noma. In na Hausa ne: Bargery (1934) ya ce kaza, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero (2006) ya ce kaza. Yanzu kuma da aka samu manhajojin nan masu rubuta wa mutum, abin ya ƙara zama iri ɗaya, duk sun fara da cewa duniya tana saurin canjawa. Abin da ke ba ni tausayi shi ne, in na kai Babi na Huɗu sai in tarar yaro ya yi aiki na gaske, ya shiga ƙauyuka, ya ji abubuwan da ban taɓa ji ba. Amma ya binne su a ƙarƙashin shafukan da ba nasa ba.

Dakta Maman Sadiq:
Malam, ina girmama maganarka, kuma rabinta na yarda da ita. Tantance kalma wajibi ne in kalmar tana da rikici. Inda muka rabu shi ne wurin da za a ajiye ta, da kuma wace kalmar. Wa zai yi wa wannan yarinya gardama a kan ma'anar masana'anta? Ba kowa. Kalmar da ke da rikici a aikinta ita ce "masu dogaro da masaƙa". Mai ƙosan bakin ƙofa tana ciki, to mai gidan hayar da ma'aikata ke zaune fa? Matar da mijinta leburan lodi ne ba ma'aikacin dindindin ba fa? Wannan ita za ta tantance, kuma wurinta na nan a ƙarƙashin ma'anar muhimman kalmomi.

Sannan maganar cewa mai jarrabawa dole ne ya karanta. Gaskiya ne, amma ni na zauna a kujerar nan. Akan aiko wa mutum kundaye da yawa a lokaci guda, ga darasi, ga sakamakon jarrabawa, ga gida. Zan karanta duka, domin amana ce. Sai dai yadda shafin farko ya same ni haka nake shiga sauran. In na gama shafi biyu ban san tambayar ba, sai in fara karatu da neman kuskure. In na san ta tun sakin layi na farko, sai in fara karatu da neman amsa. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kuma kada mu manta kundi ba ya ƙarewa a hannun mai jarrabawa. In ta ciro muƙala daga ciki ta aika wa mujalla, edita ba dole ba ne a kansa.

Akwai wani masanin harshe, John Swales, da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Mishigan ta Amurka. Ya zauna ya nazarci gabatarwar muƙalun bincike masu yawa don ya ga abin da marubutan ke yi a zahiri, ya fitar da tsarin a littafinsa na 1990. Abin da ya gani taku uku ne: marubuci ya nuna filin da ake magana a kai da muhimmancinsa, ya nuna giɓin da aka bari ko inda aka yi saɓani, sannan ya ce ga abin da ni zan yi a wannan giɓin. Ɗalibanmu takun farko suke yi har shafi biyar, na biyu su ba shi layi ɗaya, na uku su jefa shi can baya. Alhali na biyun ne ke riƙe mai karatu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ki nuna mana tsagar tukuna.

Malamin Nazarin Hausa:
Dakta, ban ƙi ba. Amma sashe yana da tsarinsa: 1.0 Gabatarwa, 1.1 Shimfiɗa, 1.2 Dalilin Bincike, har zuwa farfajiyar bincike, wato iyakar inda zai tsaya, da hanyoyin gudanar da shi. Ɗalibi ba ya da ikon rushe wannan. In kuka zuga ta ta zo da sabon salo, ita za a mayar wa aiki, ba ku ba.

Dakta Maman Sadiq:
Ba wanda ya ce ta taɓa kanun. Ta bar su yadda suke. Abin da ke ƙarƙashin 1.0 ne nata, kuma babu dokar da ta ce sai an fara shi daga Ingila. Ka lura ma, Malam, malaminta ne da kansa ya soke shafukan.

Tsohon Ɗan Jarida:
'Yata, ni ɗakin labarai na tsufa. Abin da aka fara koya mana shi ne ka sa mafi nauyin labari a layin farko, domin in shafi ya cika daga ƙasa ake yanke maka. A cikin matan da kika zanta da su, babu wadda ta faɗi wata magana da ta tsaya miki a rai? Ki fara da ita. Mutum yana son jin muryar mutum.

'Yar Kakuri:
Akwai, Baba. Wata tsohuwa da ta yi shekaru tana sayar da tuwo a bakin ƙofa ta ce mini ita ba ta taɓa mallakar agogo ba, jiniyar masaƙa ce agogonta. Da ita take ɗora tukunya, da ita take sauke ta. Ta ce bayan an rufe ta yi watanni tana farkawa a daidai lokacin, ta zauna tana jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Da na dawo gida na kasa cin abinci a ranar. Amma ban yi zaton irin wannan na shiga kundi ba.

Tsohon Ɗan Jarida:
Subhanallahi. Wannan in kika bar ta a waje kin zalunci aikin.

Injiniya Ɗan Barnawa:
Ni fa a nan nake da ja. A fagenmu in ka fara muƙala da labarin tsohuwa, tun a tebur ɗin edita za ta dawo maka. Kuma bai kamata yaran kimiyya da ke karanta wannan muhawara su ɗauka sai da labari ake jan hankali ba. Alan Turing a 1950 jimlarsa ta farko cewa kawai ya yi yana son a duba tambayar ko na'ura na iya tunani. Watson da Crick a 1953, a mujallar Nature, sun fara ne da cewa suna son gabatar da siffar ƙwayar halittar gado, kuma muƙalar duka ba ta wuce kimanin shafi ɗaya ba. Babu ado ko kaɗan. Abin da ya ja hankali shi ne girman abin da suka ce za su yi, da kuma faɗarsa kai tsaye.

Na taɓa duba aikin wani yaro a kan ambaliyar kogin Kaduna a wajen Kigo. Ya fara da cewa ruwa shi ne rayuwa. Na ce masa mutanen da ruwa ya kora daga gidajensu ba wannan suke son ji ba. Fara da tsayin da ruwan ya kai a inda ka auna, da tazarar gidajen daga bakin kogi, da abin da ba a sani ba game da magudanan unguwar. Lamba ɗaya ta gaskiya da ka auna da hannunka ta fi sakin layi uku na zaƙin baki.

Baban Amira:
Injiniya, ai ba ku saɓa da Baba ba kamar yadda kake gani. Lambarka da jiniyar tsohuwa abu ɗaya suke yi: kowanne abu ne takamaimai da ba za a iya ɗauka a manna a kundin wani ba. "Ruwa shi ne rayuwa" kuwa zai shiga kundi dubu.

Almajirin Zaure:
Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa ban ce komai ba, amma ina jin ana ta ambaton Turawa kamar su suka fara wannan tunani. Malaman balaga sun daɗe da ba shi suna: bara'atul istihlal, wato gwanintar buɗe magana ta yadda tun daga farkonta mai sauraro zai hango inda aka dosa. Har a cikin yabon Allah da salati gwani yakan saka kalmar da ke nuna fannin da zai yi magana a kai. Mai littafin nahawu ya yi godiya da lafazin ɗaukakawa da karyewa, waɗanda kalmomi ne na nahawun Larabci, mai littafin gado ya yabi Allah da cewa shi ne mai gadon ƙasa da abin da ke kanta. Almajiri yana ji ya san ɗakin da ya shiga.

Ku duba kuma rubuce-rubucen Shehu Usmanu da Abdullahin Gwandu da Muhammadu Bello. Bayan basmala da hamdala da salati sai a ce "amma ba'adu", nan take a faɗi sunan littafi da abin da ya ƙunsa, sau da yawa har da yawan fasulansa, wani lokaci da wanda ya yi tambayar da ta jawo rubutun. Layuka kaɗan, an gama. Wanda bai yarda ba ya je Gidan Arewa da ke kan titin Rabah, tsohon gidan Sardauna, ya nemi a nuna masa rubutun hannu. Don haka doguwar kewaye-kewayen nan ba gadonmu ba ce. Ko tatsuniya, da an ce "ga ta nan ga ta nanku", an amsa "ta zo mu ji ta", sai gizo ya fito. Ba a tsayawa bayyana ma'anar gizo.

Malamin Nazarin Hausa:
Malam, ka kama ni ta inda ba zan iya musu ba, domin mabuɗi da marufi nake koyarwa a waƙa duk shekara. Na janye rabin maganata. Rabin da na riƙe shi ne a yi hattara da tausayi. Na ga kundayen da suka fara da kuka suka ƙare babu hujja.

'Yar Kakuri:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na zauna daren jiya na sake rubutawa. Da Turanci kundin yake, amma ga fassararsa:

"Kaduna, garin gwamna, ta taɓa zama abin alfaharin Arewa, inda ƙarar injuna ke tashi dare da rana. Yau Kakuri ta zama kufai, hawayen iyaye mata na zuba, marayu na yawo a titi. Wata tsohuwa ta ce mini jiniyar masaƙa ce agogonta. Babu wani bincike da aka taɓa yi a kan waɗannan bayin Allah."

Ku gyara mini, kada ku ji nauyi.

Dakta Maman Sadiq:
Tunda kin ce kada a ji nauyi. Kin bar rami ɗaya kin faɗa wani, kuma shi ne wanda Malam ya yi gargaɗi a kai. Kakuri ba kufai ba ce, ke kanki a can kike zaune, kasuwa na ci, mutane na sana'a. Mai jarrabawa da ya san unguwar zai daina yarda da ke tun daga wannan kalmar. Hawaye da marayu ba ki ƙirga su ba, kada ki rubuta su. Maganar tsohuwar ma kin danne ta da naki kukan, alhali ita kaɗai ta isa.

Abu mafi haɗari shi ne jimlar ƙarshe. Kada ki taɓa rubuta "babu wani bincike da aka taɓa yi" sai kin tabbata, kuma da wuya ki tabbata. Gunilla Andrae da Bjorn Beckman, masana daga Suwidin, sun fitar da littafi a 1998 a kan ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta Najeriya, kuma Kaduna da Kano ne tsakiyar aikinsu. Akwai kundaye a Zariya da nan Kaduna da ba ki gani ba tukuna. Abin da za ki ce shi ne ga inda ayyukan da kika karanta suka fi mayar da hankali, ga kuma inda suka tsaya. Wannan ya fi gaskiya, ya fi kuma ƙarfi, domin yana nuna kin yi karatu.

Injiniya Ɗan Barnawa:
Kuma ki ba mu shekara. "Ta taɓa zama" yaushe ke nan? Masaƙar Kaduna Textiles Limited, wato KTL, a 1957 ta fara aiki a Kakuri, a 2002 ta tsaya. Masaƙar United Nigerian Textiles Limited, wato UNTL, ta rufe a 2007. Shekarun nan su kaɗai suna magana. In kina son takardun kafuwar, Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa yana nan cikin gari.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri in tambaya, ni digirin farko nake yi. Ni matsalata ban ma san abin da zan samo ba tukuna, ta yaya zan faɗe shi a shafin farko?

Baban Amira:
Ƙanwata, rubuta na wucin gadi ki wuce. In kin gama Babi na Huɗu ki dawo ki sake shi. Yawancin masu rubutu gabatarwa ce abin da suke gyarawa a ƙarshe, domin sai ka je ka dawo kake iya yi wa wani kwatancen hanya. Amma tambayar dole ki san ta tun yanzu, ko da amsar ba ta zo ba.

'Yar Kakuri:
Ga na biyu:

"Daga 1957, lokacin da masaƙar KTL ta fara aiki, har zuwa rufe ta a 2002, dubban gidaje a Kakuri da Makera sun tsara rayuwarsu a kan lokutan shiga da tashin ma'aikata. Wata mai sayar da tuwo da aka zanta da ita a wannan bincike ta ce ba ta taɓa mallakar agogo ba, da jiniyar masaƙa take ɗora tukunya, da ita take saukewa. Sunanta ba ya cikin rajistar ma'aikata, ba ta cikin ƙungiyar ƙwadago, ba ta cikin waɗanda ake lissafawa in ana maganar waɗanda suka rasa aiki. Ayyukan da aka duba a kan durƙushewar masaƙun Kaduna sun fi mayar da hankali ga ma'aikata, da ƙungiyarsu, da manufofin gwamnati kan shigo da yadi. Wannan bincike ya bi sawun matan da abincinsu ya rataya a kan masaƙa ba tare da sun yi aiki a cikinta ba, domin gano sana'o'in da suka koma, da abin da ya taimaki wasu suka miƙe, wasu kuma suka kasa."

Tsohon Ɗan Jarida:
Yawwa 'yata. Jimla ta uku ita ce zuciyar. Kada ki bari kowa ya cire miki ita.

Malamin Nazarin Hausa:
Wannan in ya zo tebur ɗina zan ci gaba da karantawa. Gyara biyu. "Dubban gidaje" sai kin kawo madogara, in babu ki ce "gidaje da dama". Sannan bayan "ayyukan da aka duba" ki ambaci masu ayyukan da shekarunsu, ko da uku ne. Tarihin Ingila kuma kada ki yar da shi duka, ki matse shi ya koma sakin layi ɗaya a ƙarƙashin shimfiɗa, tunda kamfanin Ingila aka yi haɗin gwiwa da shi wajen kafa masaƙar, akwai inda zai yi miki amfani.

Dakta Maman Sadiq:
Ƙari ɗaya: kin nemi izinin tsohuwar kafin ki sa maganarta a shafin farko? Ko ba a ambaci sunanta ba, mutanen layinsu za su gane ta.

'Yar Kakuri:
Ta yarda a naɗi muryarta, amma ban gaya mata da maganarta zan buɗe kundin ba. Gobe Asabar in sha Allahu zan je gidanta bayan la'asar in karanta mata da Hausa, in ji ko ta amince. In ta amince, Litinin zan kai wa malamina.

Maman Ilham:
Anti, don Allah in kin dawo ki faɗa mana abin da ta ce. Ni ma zan turo nawa sakin layin yau da dare, a kan 'yan mata masu tallar gyaɗa a tashar Kawo ne.